Robar da ke riƙe da gaban Fijon mahaifina

Ƙarar ta fara ne a hankali. Duk lokacin da na sauka daga kwalta na shiga layinmu a Anguwan Rogo da ke Jos, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar duwatsu a fili, sai in ji ƙwas, ƙwas daga gaban motar ta ɓangaren dama, kamar ana daka a turmin da babu hatsi. Da farko na ɗauka shakazoba ce. Bayan wata guda sai motar ta fara wani hali da ban san ta da shi ba: in na taka birki sai ta karkata dama kafin ta tsaya, a kan miƙaƙƙen titi kuma, kamar daga Polo zuwa Farin Gada, hannuna ba ya hutawa a kan sitiyari, kullum ina dawo da ita hanya. Ranar da na durƙusa na shafa tayar gaba, na tarar gefenta na ciki ya cinye ya yi sumul, na waje kuwa da sauran zanensa, a nan hankalina ya tashi.

Motar Peugeot 504 ce, wadda mu duka muke kira Fijo, fara, haɗin Kaduna ta 1984. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa da bashin mota lokacin yana koyarwa, kuma a cikinta aka kai kowannenmu makaranta, a cikinta aka kai ƙanwata ɗakin miji. Da ya rasu, 'yan'uwana suka ce a sayar, tunda kowa yana da abin hawansa. Na roƙe su aka yi mata kuɗi, na biya kowa kasonsa, ta zama tawa. Har yau akwai ɗan ƙaramin littafi a aljihun gabanta, inda yake rubuta ranar da ya juye baƙin mai da adadin tafiyar da motar ta yi, da rubutunsa mai kwanciya gefe.

Yaran yanzu in sun gan ta sukan ce tsohuwar tasi. Ba su san wace ce ba. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, shekara ɗaya bayan nan aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda hanya ke karya motoci kamar kara. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransawa sun daina yin ta a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai 2006. Abin da ya sa ta zauna daram a ƙasar nan, daga gidan gwamnati har tashar Bauchi Road, ba ƙarfin inji kaɗai ba ne. Ƙafafunta ne. Wanda ya taɓa zama a cikin lafiyayyar Fijo a kan gargada ya san yadda take shanye rami ba tare da ta sanar da fasinja ba. Wannan taushin ne ya ɓace wa tawa.

Sai da na yi gyaran sau biyu. Na farkon a wani gareji ne kusa da wurin aikina, ba zan faɗi sunansa ba. Yaron ya duba ya ce bushin ne, wato robar da ke riƙe da hannun tayar gaba, ya yi gaskiya kuwa. Ya ce in ba da kuɗi in tafi, zuwa la'asar an gama. Da na dawo na tarar da motar a kan jak, tayoyinta na reto, yana ta ɗaure notuna da dogon bututu a bakin sifana har yana hawa kai da ƙafa. Raina ya yi daɗi, na ce wannan ya ɗaure da kyau. Wata uku motar ta yi shiru. Kafin wata na huɗu ya cika ƙarar ta dawo, har ta fi ta da.

Daga nan na tuna da tsohon da ke yi wa mahaifina gyara. Na sha wuya kafin in same shi, domin ya bar tsohuwar rumfarsa, ya koma wani lungu a Farin Gada inda 'ya'yansa ke aiki, shi kuma yana zaune a kan benci da carbi yana sa ido. Baba muke ce masa tun muna yara. Tun kafin in kashe mota ya miƙe tsaye. Ya gane ta kafin ya gane ni.

"Wannan ba motar Malam ba ce?"

"Ita ce, Baba. Ni ne ɗansa na biyu."

Ya yi wa marigayi addu'a mai tsawo, ya tambayi Hajiya, ya tambayi sauran yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa aka ɗaga gaban motar, ya karɓi ƙarfen ɓanɓare taya, ya kwanta a kan kwali da kansa, duk da ɗansa ya ce ya bari. Ya zura ƙarfen tsakanin hannun ƙasa da jikin motar ya danna. Hannun ya motsa kamar haƙori mai girgiɗi. Ya haska da tocila ya ce in leƙo. Robar da aka sa wata huɗu da suka wuce ta tsage a zagaye, ta rabu da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta, kamar an murɗe wuyan kaza.

"A sama aka ɗaure ta," ya ce. "Ɗana, wanda ya yi maka aikin nan ya kashe robar tun ranar da ya sa ta."

Ban fahimta ba, sai ya ɗauko wata tsohuwa daga cikin tarkace ya nuna mini, kuma bayanin da ya yi shi ne dalilin wannan rubutu. Bushin ba komai ba ne illa bututun ƙarfe biyu, ƙarami a cikin babba, da roba a matse a tsakaninsu. Babban yana zama daram a cikin idon hannun ƙasa, wanda makanikai ke kira lowa'am. Ƙaramin kuma ƙusa ce ke ratsa shi, in aka ɗaure noti sai ya maƙale a jikin mota, ba ya ko motsi. To in taya ta hau dutse ko ta faɗa rami, hannun yana yin sama da ƙasa, amma babu wani ƙarfe da ke juyawa a kan ƙarfe. Robar ce ke murɗewa ta dawo, murɗewa ta dawo, sau dubbai tsakanin Terminus da Bukuru. Ita ce ke shanye jijjiga, ita ce kuma ke riƙe taya a inda aka saita ta. In aka ɗaure notin alhali mota na kan jak, hannun yana rataye a ƙarshen saukarsa. Da an sauke mota, nauyinta ya tura hannun sama, robar ta murɗe, kuma a murɗen za ta kwana ta tashi ko motar tana ajiye. Kowane rami sai ya ƙara mata murɗa a kan wadda take ciki. Roba ba ta jure wannan.

Ya ce in ina so ya sa yara su yi mini. Na ce ina da roƙo: a bar ni in yi da hannuna, shi ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mahaifina ma haka yake, ba ya barin a taɓa motar sai yana tsugune a gefe. Muka sa ranar Asabar.

Sayen kayan ya ci mini yini guda a Dilimi. Na tafi da tsohuwar da Baba ya ba ni a aljihu, domin ya gargaɗe ni kada in yarda da sunan mota kawai, in gwada faɗi da tsawo da idona. Abin da na gani iri uku ne. Akwai na asali da suka daɗe a kanta, kwalinsu ya yi ja don tsufa, kuma mutane na rububinsu don sunan da ke jiki. Amma roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Na danna farce a ɗaya, ta yi tauri kamar ƙashi, da ƙananan tsagu a fuskarta, na ajiye. Akwai sababbi masu sheƙi da arha, waɗanda in ka murza sai baƙi ya biyo yatsa. Sai kuma matsakaita, roba mai ɗan taushi da ke dawowa in an danna, bututun ƙarfenta mai kauri, babu inda ta ɗago daga jikinsa. Su na saya, na gefe biyu duka, har da ƙananan robobin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, wato sitabilaiza. Baba ya ce ba a canza gefe ɗaya, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiya kamar mai ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Wani mai shago ya ce me zai sa in wahala, ga masu yanka bushin da tsohuwar taya nan a bayan layi. Ba na raina aikinsu, domin sun fitar da direbobi da yawa daga daji, kuma a ƙaramin wuri kamar maɗaurin sitabilaiza yankan taya yana iya kai mutum gida. Amma a hannun ƙasa, inda ran mutum ke rataye lokacin birki, ban yarda ba. Wani abokina kuma da ke yawan bincike a intanet ya matsa mini in yi odar irin na foliyuretan, masu launin ja ko ruwan ɗorawa, waɗanda ba sa jin mai kuma suna daɗewa. Gaskiya ne suna daɗewa. Sai dai sun fi roba tauri, suna miƙa wa mutum duk wani tsakuwar hanya har cikin ƙugu, suna kuma kuka in man da aka shafa musu ya bushe. Wanda ke son tsere ya sa su. Ni taushin Fijo nake nema.

Asabar ɗin ta faɗo a tsakiyar hunturu. Wanda ya san Jos a watan Janairu ya san yadda sifana ke cizon hannu da sassafe. Na iso bakwai da rabi da rigar sanyi biyu, na tarar Baba ya riga ni, yana shan shayi a bakin wuta. Abu na farko da ya sa ni yi shi ne sassauta notunan taya tun motar na ƙasa, sa duwatsu a tayoyin baya, sannan ɗaga gaban gaba ɗaya. Ya hana ni shiga ƙarƙashi sai da aka kafa ƙafafun ƙarfe biyu, aka kuma tura tayoyin da aka cire a ƙarƙashin jikin motar. Ya ce ya taɓa ɗaukar gawar abokin aikinsa daga ƙarƙashin mota saboda jak, bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Motar ta haura tan ɗaya. Ɗaga gefe biyun tare yana da wani amfanin kuma: in gefe ɗaya kawai aka ɗaga, sandar sitabilaiza tana nan a murɗe, ba za ta bari a zare ƙusarta cikin sauƙi ba.

Sauƙin da Fijo ke da shi a gaba shi ne sifirin yana naɗe ne a jikin shakazoba, a kulle, don haka ana iya cire hannun ƙasa ba tare da an taɓa shi ba. Na ɗauki hoton komai da waya kafin in kwance, na kuma jera kowace wosha da noti a kan kwali bisa yadda suka fito, na dama daban na hagu daban. Gefen dama, wanda aka taɓa kwanan nan, bai ba ni wahala ba. Na hagu ne ya nuna mini shekarunsa. Ashe yaron can bai ma taɓa ɗaya daga cikin na hagun ba, ko da yake na biya kuɗinsa. Ƙusar ta yi tsatsa ta haɗe da bututun cikin bushin, noti ya fita amma ita ta ƙi ko gezau. Na ɗauki guduma zan buga mata a kai, Baba ya riƙe hannuna. Ya ce in na buga kan zaren kai tsaye zai baje, daga nan sai zarto. Ya sa na mayar da notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, muka jiƙa ta da man sassauta tsatsa, muka bar ta muka je muka karya. Da muka dawo, ina juya ta da sifana gaba da baya, ɗansa yana bugun notin a hankali ta kan guntun ƙarfe. Ta fi rabin sa'a kafin ta saki, da ta fito kuwa jajawur take kamar an tono ta daga kududdufin kuza. Ba mu mayar da ita ba, sabuwa muka sa.

Fitar da tsohon bushin daga idon hannun ya jawo 'yar gardama. Ɗan Baba ya kawo shawarar a cinna wa robar wuta ta narke, kamar yadda aka saba a gareji da yawa. Baba ya ƙi. Ya ce hayaƙin guba ne, kuma ƙarfen da ke riƙe da taya ba abin gasawa ba ne. Ba su da injin matsewa a rumfar, sai ya nuna mini dabarar da ya ce da ita ya yi aiki shekara da shekaru: doguwar ƙusa mai zare tun daga sama har ƙasa, da wosha masu kauri, da kan soket biyu. Ɗaya daidai faɗin bututun waje don ya tura shi, ɗayan ya fi shi faɗi don ya karɓe shi ta baya. Aka damƙe hannun a bais, na shiga ɗaure noti. Da farko kamar ba abin da ke faruwa, gumi ya fara keto mini duk da sanyin, sai na ji ɗas, ya motsa. Uku sun fita haka. Na huɗun, tsohon nan na hagu, sai da muka huda robar muka fitar da cikinsa, na zura zarto na yanka bututun wajen daga ciki. Baba yana tsugune kusa da ni yana cewa a hankali, a hankali, kada haƙorin zarto ya taɓa idon hannun. Da ya kusa rabuwa, ya sa kurfi ya lanƙwasa bakin, bututun ya faɗo da kansa.

Na goge cikin idon da samfefa har ya yi haske, na duba ko akwai tsaga ko lanƙwasa a hannun, babu. Da na miƙa hannu zan lakato giris, sai Baba ya ture gwangwanin da ƙafa. Ya aika yaro ya kawo ruwa da sabulu. Giris da baƙin mai, duk abin da aka samo daga fetur, yana cin irin wannan roba, ya kumbura ta ya mayar da ita kamar danƙo. Ruwan sabulu kuwa yana ba da santsi na ɗan lokaci sannan ya bushe. Shi muka shafa wa robobin sitabilaiza suka shige. Masu bututun ƙarfe kuma da ƙusar nan mai zare muka tura su, kuma duk wahalar tana farkon shiga: in ya fara a karkace, kada a ce za a gyara shi da ƙarfi, a fitar a sake. Sau biyu ina fitar da na farko. Turawar ma a kan bututun waje ake yi, ba a kan roba ko bututun ciki ba.

Azahar ta yi muna mayar da hannuwan. Bayan mun idar da salla na sa kowace ƙusa a gurbinta, na ɗaura notunan da hannu, na ɗan ƙara da sifana har suka zauna, Baba ya ce tsaya nan. Na boljoyin, wato mahaɗin hannun da ƙafar taya, kawai ya bari na ɗaure sosai. Muka mayar da tayoyi, muka sauke motar. Ya sa muka danna gabanta sau da yawa, muka tura ta gaba da baya don ƙafafun su nemi mazauninsu, sannan muka tura ta a hankali kan ramin maƙwabcinsa. Ya sa ɗansa ya zauna a kujerar direba, wani yaro a gefensa. Sai a lokacin na shiga ramin, motar na tsaye a kan tayoyinta da nauyinta, na ɗaure notunan bushin ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fito da sifanarsa mai awo daga cikin tsumma, irin wadda ke yin ƙas in an kai ƙarfin da aka saita, da wani tsohon littafin gyaran 504 da mai ya rine shafukansa. Daga ciki ya karanto awon kowane noti. Babu bututu, babu hawa da ƙafa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne aikin da ya raba gyaran farko da na biyu bai kai minti goma sha biyar ba.

Ina cikin ramin ya haska mini wani abu: baƙin mai na tsattsafowa daga gefen inji yana bin ƙarfe har kusa da bushin na dama. Ya ce in ban toshe wannan ba, zan dawo. Na canza abin da ke yoyon a satin da ya biyo baya. Ranar Litinin kuma na kai ta alaimen, domin da zarar an taɓa hannun ƙasa saitin taya ya canza, na kuma sa sababbin tayoyi biyu a gaba, tunda tsoffin sun riga sun ciwu.

Da zan tafi ran Asabar ɗin na miƙa wa Baba kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce in ba yaran, shi tsakaninsa da Malam ya wuce haka. Abu ɗaya ya nema, in dawo bayan sati biyu ya sake gwada notunan. Na dawo, ya gwada, babu wanda ya motsa.

Gwajin gaske ya zo ne da aka yi rasuwa a dangin Hajiya a Akwanga. Muka bi ta Bukuru, Mararabar Jama'a, Riyom, har muka iso Hawan Kibo, inda hanya ke gangarowa daga saman tsauni tana lanƙwasa, manyan motoci na rarrafe a gefe. A da nan ne nake riƙe sitiyari da hannu biyu har yatsuna su yi tsami. Na sa giya ta uku, na taɓa birki kafin kwanar farko, motar ta rage gudu a miƙe, ba ta nemi dama ba, ba ta nemi hagu ba. Muka faɗa wani faci da ban hango ba, na ji dum ɗaya a ƙasa, shi ke nan. Hajiya tana baya, a gefen da take zama tun ina yaro, tana jan carbi. Ba ta san an yi wa motar komai ba. Muna kaiwa ƙasan hawan ta ce, "Yau kam tafiyar nan kamar babanku ne ke jan ta."

Da muka dawo gida da daddare na buɗe aljihun gaba, na ɗauko littafin nan, na nemo shafin da rubutunsa ya tsaya. A ƙarƙashinsa na sa kwanan wata da adadin tafiyar motar, na rubuta: bushin na gaba, dama da hagu, an ɗaure a ƙasa.